Sufurin Legas: BRT, jirgin ƙasa da katin Cowry, da inda tsarin ya bar mai kaya

Duk wanda ya sauka Legas daga Arewa, abin da ke fara ɗaure masa kai shi ne zirga-zirga. Gwamnatin jiha tana ƙiyasta mutanen garin sun haura miliyan 20, kuma har gobe danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin layi, su ne ke ɗaukar mafi yawan jama'a. Amma a gefen danfo akwai tsarin gwamnati da ake ta ginawa sama da shekara 20, kuma da yawa cikin 'yan uwanmu na Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago ba su san yadda yake aiki ba, wasu ma gani suke na ma'aikatan ofis ne kawai.

Hukumar da ke riƙe da tsarin ita ce LAMATA. An yi dokar kafa ta a 2002, zamanin Tinubu yana gwamna. Ita ke zana hanyoyi, ta ba kamfanoni izinin sa motoci, ta kuma tsayar da kuɗin mota. Tun kafin ita an taɓa yunƙurin yi wa garin jirgin ƙasa: Gwamna Lateef Jakande ya fara aikin a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Daga nan sai da aka yi kusan shekara 40 kafin Legas ta hau jirgin cikin gari.

BRT ce ta fara zuwa. Manyan bas ne da aka ware musu layinsu a gefen titi, don kada gosulo ya riƙe su. An buɗe ta a watan Maris na 2008 zamanin Fashola, daga Mile 12 zuwa CMS, kimanin kilomita 22. A 2015 aka ja ta har Ikorodu, a 2020 kuma aka buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba. Hikimar abin a layin take. Bas ɗaya na ɗaukar mutanen danfo uku ko huɗu, kuma in ba wanda ya shiga gabanta, za ta je ta dawo sau da yawa a yini. Shi ya sa duk direban da ya kutsa layin BRT yake shan tara mai zafi. Masu tura baro da masu keke su kiyaye wannan.

Jirgin ƙasa kuwa layi biyu ne ke aiki. Blue Line ya fara ɗaukar fasinja ranar 4 ga Satumba 2023, daga Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, tasha biyar. Tafiyar da kan ci awa ɗaya ko fiye a mota, jirgin yana yin ta cikin kusan minti 20. Da lantarki yake tafiya, kuma wutar a jikin wani ƙarfe take kusa da layin dogon, don haka tsallaka katangarsa don yanke hanya wasa da rai ne. Kashi na biyu ana gina shi daga Mile 2 zuwa Okokomaiko, wanda zai bi ta gefen Alaba Rago.

Red Line shi ne ya fi shafarmu. Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Oktoba na shekarar. Kilomita 27 ne, tasha takwas: Agbado a jihar Ogun, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, sai Oyingbo. Layin dogo ɗaya yake bi da jirgin Legas zuwa Ibadan na gwamnatin tarayya, kuma an fara shi ne da 'yan zirga-zirgar safe da yamma, a kan Naira 1,500 daga farko zuwa ƙarshe. Saboda shi aka gina gadojin sama a Oyingbo, Yaba, Mushin da Ikeja don raba mota da jirgi. Wanda ya tuna abin da ya faru a PWD ta Ikeja a Maris 2023, inda jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan jiha har mutum shida suka rasu, ya san amfanin gadojin nan. Allah ya kiyaye na gaba.

Duk waɗannan, har da jiragen ruwa na gwamnati, ba a biyan su da tsabar kuɗi. Kati ne, sunansa Cowry, an fito da shi a 2020. Ana saye a tasha, a loda masa kuɗi a nan ko ta waya. In za ka shiga ka taɓa shi a jikin na'ura, in za ka sauka ma ka sake taɓawa, don da wannan ne ake lissafin nisan da ka yi. Wanda ya manta taɓawar sauka yana iya ganin an cire masa fiye da kuɗinsa. Amfaninsa babba shi ne ba rigimar canji da kwandasta, kuma kuɗi ba ya ninkawa don an yi ruwan sama, kamar yadda danfo ke yi. Bayan cire tallafin mai a 2023, gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin motocinta na wasu watanni, kuma mai kati ne ya ci wannan moriyar.

To, ina matsalar take? Jirgi da BRT babban titi suke bi, mutum kuma a lungu yake kwana. Wannan tazarar daga ƙofar gida zuwa tasha, da can okada ce ke cike ta, kuma kowa ya san 'yan Arewa ne da yawa a cikin masu tuƙa ta. An hana okada a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairu 2020. Daga 1 ga Yuni 2022 aka sake hanawa gaba ɗaya a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Dalilin gwamnati shi ne haɗurra da tsaro, kuma maganar gaskiya akwai ganganci a tuƙin wasu yaran. A madadinta an kawo ƙananan bas na shiga unguwanni a 2021. Sai dai a ganina ba su kai yawan da za su maye gurbin okada ba, don haka mutum sai ya biya Keke Marwa ko korofe zuwa tasha, ya biya jirgi, ya sake biyan wata motar a can. In ka haɗa kuɗin uku, wani lokacin danfo ɗaya ta fi sauƙi duk da gosulo. Shi ya sa talaka ke komawa inda ya fito.

Na biyu shi ne kaya. An zana tsarin ne don mutum da 'yar jakarsa, mai zuwa aiki da safe ya dawo da yamma. Mu kuwa da muka taso a harkar shanu tsakanin Kara da abatuwar Oko-Oba, da 'yan gwari na Mile 12, ranarmu tana farawa tun kafin asuba, kuma ba ma tafiya hannu rabbana. Buhun albasa, kwandon tumatir, ƙafar sa, babu ɗayansu da ke da mazauni a BRT. Nama ma dokar jiha ta ce a motocinsa na musamman za a ɗauke shi. Ga tashar Agege nan kusa da abatuwa, amma abin da take ɗauka shi ne mahaucin, kayan sana'arsa sai sun bi titi. Da za a ware wa masu ƙaramin kaya tarago ɗaya a zirga-zirgar farko ta asuba, ko a sa motocin kaya masu tsayayyen farashi tsakanin manyan kasuwanni, da titi ya rage cunkoso, farashin abinci ma ya ɗan sauka.

Irin wannan buƙata ba ta shiga tsari sai an kai ta. Kafin a fara babban aiki akan kira taron masu ruwa da tsaki, kuma ƙungiyoyin unguwa da ake kira CDA da shugabannin kasuwa ake gayyata. Rajistar mazauna jiha ta LASRRA a buɗe take ga duk wanda ke zaune a Legas, ko daga wace jiha ya fito. Yanzu da aikin Blue Line ke matsowa Okokomaiko, shugabannin Alaba Rago da Sarakunan Hausawan yankin ya kamata su nemi zama da LAMATA a kan inda za a sa gadar masu ƙafa da wurin sauke kaya, tun kafin a zuba kankare.