Akim Aliu: farkon tafiyar ɗan Okene a wasan hokin ƙanƙara

Akim Aliu ɗan wasan hokin ƙanƙara ne da aka haifa ranar 24 ga Afrilu, 1989, a garin Okene, wanda yanzu yake cikin jihar Kogi ta Najeriya. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne da ya je karatu birnin Kyiv zamanin Tarayyar Sobiyet, mahaifiyarsa kuwa ƴar Yukren ce. Wasa bakwai kacal ya buga a NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Duk da haka sunansa ya fi na ƴan wasa da yawa da suka buga ɗaruruwa fita, saboda abubuwa biyu da suka same shi tun bai cika shekara 21 ba.

Wasan da hanyar shigarsa

Ana buga hoki a kan daskararren fili, mutum shida-shida har da mai tsaron raga. Kowa na sanye da takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa da yake zamiya da shi, riƙe da sanda mai lanƙwasa, ana kora wata ƴar baƙar roba mai faɗi zuwa raga. Zango uku ake yi, kowanne minti 20. Bangaza halal ce, dambe ma hukuncinsa sau da yawa fita ce ta minti biyar.

A Kanada, yaron da ya yi fice yakan bar gidansu yana ɗan shekara 16 ya tafi ƙungiyar matasa a wani gari, a sauke shi a gidan wasu mutane. Manyan gasannin matasan uku ne: ta yammacin ƙasar, ta yankin Kebek mai magana da Faransanci, da OHL ta lardin Ontario. Ba yaron ke zaɓen ƙungiya ba, ƙungiyoyi ne ke zaɓen yara bi da bi. Idan ya kai 18, ƙungiyoyin NHL su ma su yi nasu zaɓen. Masu farautar ƴan wasa ba ƙwallayen da yaro ya ci kaɗai suke rubutawa ba, har da abin da masu horarwa ke faɗa kan halinsa, kuma yaron ba ya wurin lokacin da ake faɗar.

Daga Kyiv zuwa Windsor

A Kyiv Akim ya yi ƙuruciyarsa. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka yi ƙaura zuwa Toronto, ya sauka ba ya jin Turanci. Gidan ba na masu hali ba ne, hoki kuwa wasa ne mai cin kuɗi, don haka takalmansa na farko kwance ne aka sayo masa. Ya fara a makare idan aka kwatanta da ƴaƴan Kanada da ake ɗora wa takalman tun suna shekara uku ko huɗu, amma cikin ƴan shekaru ya kamo su. Ya buga wa Toronto Marlboros tare da John Tavares da Sam Gagner, waɗanda daga baya suka daɗe a NHL. Dogo ne, mai jiki, mai gudu, kuma a gaba yake bugawa ta ɓangaren dama. A 2005 ƙungiyar Windsor Spitfires ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen OHL.

A watan Satumba na wannan shekara, ana dawowa daga wani wasan share fage, manyan ƴan wasa suka umarci sababbin yara su tuɓe tsirara su cusa kansu cikin ɗan ƙaramin bayin da ke bayan bas. Tsohuwar al'ada ce ta ladabtar da baƙi, an gaje ta, kowa ya sha ya yi shiru ya jira ranar da zai yi wa na baya. Akim, mai shekara 16, ya ce ba zai shiga ba.

Bayan ƴan makonni, a filin atisaye, Steve Downie, ɗan shekara 18 da Philadelphia Flyers ta riga ta zaɓa, ya doke shi da sanda a baki ya zubar masa da haƙora. Akim ya fita aka duba shi, ya dawo fili, suka kaure da dambe. An yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, akwai mai ɗaukar hoton talabijin a wurin, Kanada duka ta gani. Ƙungiyar Windsor ta dakatar da Downie wasa biyar, shi Akim wasa ɗaya. Hukumar OHL kuma ta dakatar da koci Moe Mantha wasa 40, ta ci ƙungiyar tarar dala 35,000. Downie ya koma Peterborough, aka tura Akim Sudbury, garin haƙar ma'adinai a arewacin Ontario.

A takarda, gaskiya ta yi halinta. A bakin mutanen wasan kuwa, yaron ne ya tona asirin gida. Shi kansa Akim ya sha faɗin cewa tun daga nan aka liƙa masa sunan mai wuyar sha'ani, kuma sunan ya riga shi isa duk inda ya je. Ba a ce waliyyi ne ba: yana da zafin zuciya a fili, yakan yi faɗa, yakan sha hukuncin fita. Sai dai irin wannan zafin, a jikin wasu yara, jarumta ake kiransa.

Zaɓen 2007 da Rockford

Ya taimaki Sudbury Wolves ta kai wasan ƙarshe na OHL a 2007, inda Plymouth Whalers ta doke ta. A zaɓen NHL na wannan bazara, wanda aka yi a Columbus, Chicago Blackhawks ta ɗauki Patrick Kane a matsayi na 1, ta ɗauki Akim a na 56, cikin zagaye na biyu. Ya ƙarasa shekarunsa na matasa tsakanin London Knights da Sudbury.

A kakar 2009 zuwa 2010 aka tura shi Rockford IceHogs, ƙungiyar da Chicago ke renon yaranta a gasar AHL, mataki ɗaya ƙasa da NHL. Kocinta Bill Peters ne. Wata rana a ɗakin sauya kaya, a kan waƙoƙin da Akim ke sakawa, Peters ya yi ta maimaita kalmar nan ta cin mutunci da ake jifan baƙar fata da ita a Amurka, a gaban sauran ƴan wasa. Dangantakarsu ta lalace, kuma kafin kakar ta ƙare an sauke Akim zuwa Toledo, a gasar ECHL da ke ƙasa da AHL. Bai fito ya faɗa wa duniya ba a lokacin. Wanda ya ga abin da magana ta jawo masa a Windsor ba zai yi mamakin shirun ba.

A watan Yunin 2010 Chicago ta haɗa shi cikin cinikin da ya kai Dustin Byfuglien Atlanta. Sai a Afrilun 2012, da rigar Calgary Flames, ya taka filin NHL. A wasansa na biyu ya ci Anaheim ƙwallo biyu. Ya ƙara wasa biyar a kakar da ta biyo, daga nan sai yawon ƙananan gasanni da ƙungiyoyin Turai, har da Suwidin da Rasha.

Ba shi ne haifaffen Najeriya na farko a NHL ba. Rumun Ndur, wanda aka haifa a Zariya a 1975 ya tashi a Ontario, ya riga shi. Buffalo Sabres ce ta zaɓe shi a 1994.

Maganar Rockford ta fito ne a watan Nuwamban 2019, lokacin da Akim ya rubuta ta a shafinsa na Twitter. Peters a lokacin shi ne kocin Calgary Flames. Tsofaffin ƴan wasan Rockford biyu suka tabbatar wa tashar TSN cewa sun ji da kunnensu. Peters ya rubuta wa shugabannin ƙungiyar wasiƙa yana neman afuwa kan kalaman da ya yi, ya ajiye aiki ranar 29 ga watan. A watan Yunin 2020 Akim da Evander Kane da wasu ƴan wasa suka kafa Hockey Diversity Alliance, ƙungiyar da ke yaƙi da wariyar launin fata a wasan, tana kuma kai hoki unguwannin da iyaye ba su da kuɗin sayen kayansa.