Murya da Yarjejeniya: Abin da Masu Sauraro Ke Yanke wa Hukunci a Labaran Auren Maslaha na Georgette Heyer

A shekarar 1934 marubuciyar Ingila Georgette Heyer ta fitar da The Convenient Marriage, labarin da ta gina a birnin Landan na shekarar 1776. Gidan Winwood gidan asali ne, amma bashi ya yi masa katutu, mafi yawansa na cacar ɗansu Pelham. Sai wani hamshaƙin basarake, mai sarautar Rule, ɗan shekara 35, ya nemi auren babbar 'yar gidan, Elizabeth, alhali zuciyarta na wurin wani ƙaramin hafsan soja marar dukiya, Edward Heron. Autar gidan, Horatia, 'yar shekara 17 mai in'ina, ta wanke ƙafa ta tafi gidan Rule ba da sanin mahaifiyarta ba, ta miƙa masa tayi: ya ƙyale yayarta ya aure ta ita, tun da sunan gidansu yake so, ita kuwa ta yi alkawarin ba za ta sa masa ido a harkokinsa ba. Ya amince.

A 2010 kamfanin Naxos ya fitar da wannan littafi a murya, a taƙaice, kimanin awa 5, da bakin ɗan wasa Richard Armitage, wanda kafin nan ya karanta wasu littattafan Heyer biyu, Sylvester da Venetia. Armitage ya yi suna tun 2004 da ya fito a matsayin John Thornton a shirin North and South na BBC, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka saurari faifan muryarsa suka biyo, ba sunan Heyer ba. Abin da masu sauraro suka riƙa faɗi a kai bai wuce kaɗan ba: muryar Rule ta tafi da su, in'inar Horatia ta burge wasu, ta gundiri wasu, an yi ƙorafin yanke littafin, wasu kuma tazarar shekara 18 da ke tsakanin ma'auratan ta tsaya musu a rai. Hujjar wannan maƙala ita ce, waɗannan maganganu sharhin adabi ne na gaske, kuma ya kamata masu nazari su ɗauke su da muhimmanci, sai dai abin da suke yanke wa hukunci ba rubutun Heyer ba ne kai tsaye. Fassarar da mai karantawa ya yi wa rubutun suke aunawa. A labarin auren maslaha kuwa wannan fassara tana da nauyin da ba ta da shi a sauran labaran soyayya.

Dalilin yana cikin ginin labarin. A soyayyar da aka saba, aure shi ne ƙarshe. Pamela Regis, a littafinta na 2003 kan tarihin wannan nau'in adabi, ta lissafa ginshiƙai 8 da labarin soyayya ke tsayawa a kansu, daga haɗuwa da shinge zuwa furta so da baiko. Auren maslaha yana kifar da jerin: an ɗaura aure tun a babukan farko, an tare, ana cin abinci a teburi ɗaya, saura abu ɗaya da ba a yi ba, wato furtawa. Shingen da ke tsakanin miji da mata ba uba ba ne, ba talauci ba ne, yarjejeniyar da suka ƙulla da bakinsu ce, cewa babu wanda zai nemi zuciyar wani. Saboda haka duk labarin yana tafiya ne a kan abin da aka haɗiye. Heyer ta san wannan sarai. Da wuya take shigar da makaranci cikin zuciyar Rule. Tana nuna shi daga waje, mutum mai kasala a magana, mai murmushin da ba a gane inda ya dosa, wanda yake da farka, Lady Massey, a lokacin da ya yi auren. Wanda ke riƙe da littafi a hannu shi ke yanke wa kansa shawarar ranar da Rule ya fara son matarsa. Wani zai ce tun ranar da ta je masa da tayinta, wani zai ce sai da Lord Lethbridge, tsohon abokin gabarsa, ya fara kewaye ta.

Mai karantawa a faifai ba shi da wannan sararin. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A littafin sauraro babu fuska, murya ake tambaya, kuma murya ba ta iya zama 'yar ba-ruwanmu. Jimla ɗaya da Rule ya faɗa wa Horatia dole ta fito ko da sanyi, ko da raha, ko da tausasawa. Idan mai karantawa ya zuba mata taushi tun a zaman farko, to ya riga marubuciya ba da amsa, ya sanar da mai sauraro cewa yarinyar nan tana hannu nagari. Mutumin da ya ce muryar Rule ta kwantar masa da hankali gaskiya ya faɗa, amma kwanciyar hankalin nan ƙari ce da ɗan wasa ya yi, kuma ita ce ta sauya ma'anar duk abin da ya biyo baya. A wurin taron rawa na Ranelagh, inda Rule ya tura Lethbridge cikin tafki, ya ɗauki alkyabbarsa da abin rufe fuskarsa, ya zauna ya yi karta da matarsa ba ta san shi ba ne, ana iya karanta abin a matsayin miji yana kare mutuncin matarsa, ana kuma iya karanta shi a matsayin babba yana wasa da hankalin yarinya don ya koya mata darasi. Rubutun ya bar ƙofofin biyu a buɗe. Duk wanda zai furta shi sai ya rufe ɗaya.

Batun in'ina ya fi wannan fitowa fili. A takarda, Heyer tana nuna ta da maimaita harafin farko na kalma, kuma bayan shafuka kaɗan ido yana sabawa, yana tsallakewa. Kunne ba ya tsallake. Dole mai karantawa ya tsaya a kowace sarƙewa, mai sauraro kuma ya jira tare da shi. Waɗanda suka ce abin ya gundire su suna ba da shaidar wani abu da makarancin takarda bai taɓa ɗanɗana ba: zaman jiran mai in'ina ya ƙarasa maganarsa, wanda shi ne halin da mutanen cikin labarin suke ciki kullum. A ganina a nan sauraro ya fi karatu kusa da gaskiyar Horatia. Yarinyar da harshenta ke sarƙewa ita ce ta je gaban ɗaya daga cikin manyan masu kuɗin Landan ta yi cinikin aurenta da kanta, kuma sai an ji wahalar fitar kalmomin ake gane girman ƙarfin halin. Gundurar da wasu suka ji da sha'awar da wasu suka ji duk daga tushe ɗaya suke.

Inda nake ganin murya tana ɓoye abu shi ne wajen doka. Mai sauraron yau yana jin kalmar yarjejeniya sai ya ɗauka mutum biyu ne masu iko daidai, kowa na iya janyewa. A Ingila ta 1776 ba haka abin yake ba. William Blackstone, a sharhinsa na dokokin Ingila da ya fara fitowa a 1765, ya bayyana cewa da zarar an ɗaura aure, matsayin mace a gaban shari'a yana narkewa cikin na mijinta. Kuɗinta da kayanta na hannu sun zama nasa, sai abin da iyayenta suka killace mata a takardar sharuɗɗan aure ta hannun amintattu. Sai a dokokin 1870 da 1882 matar aure ta sami ikon mallakar dukiyarta. Saki kuwa, kafin dokar 1857, sai Majalisar Dokoki ta zartar da doka ta musamman a kan auren mutum, abin da sai masu hannu da shuni, kuma kusan dukkansu maza. Ga wanda ya tashi a inda mace ke riƙe da sadakinta da gadonta, kuma take da hanyar zuwa gaban alƙali ta nemi rabuwa, wannan tsari yana da wuyar haɗiyewa. Ma'anarsa ita ce alkawarin da Horatia ta yi wa Rule yana ɗaure ta har mutuwa, nasa kuwa ya rataya ne a kan halinsa kawai. Dokar aure ta 1753 ta ma sharɗanta yardar uba ko waliyyi ga duk wanda bai kai shekara 21 ba, don haka ko tayin nata bai zama komai ba sai da gidansu ya sa hannu, gidan da ke jiran kuɗin Rule ya biya bashi.

Masu sauraron da tazarar shekaru ta dama sun taɓo gefen wannan al'amari, ko da ba su ambaci doka ba. Abin da ke damunsu shi ne iko: wa ke da shi, wa ba shi da shi. Kuma abin lura ne cewa sau da yawa mutum ɗaya ne zai ce tazarar ta dame shi, ya kuma ce muryar ta sa ya manta. Ban ɗauki wannan a matsayin rauni a tunaninsa ba. Janice Radway, a binciken da ta wallafa a 1984 kan wasu mata masu karanta littattafan soyayya a wani gari na tsakiyar Amurka, ta nuna cewa abin da suke nema a jarumi shi ne namiji mai ƙarfi wanda daga baya za a gane yana da tausayi, har a sake fassara duk kaushin da ya nuna a baya a matsayin so da aka ɓoye. Littafin sauraro yana gaggauta wannan sake fassarar. Ba sai an kai ƙarshe ba; tausayin yana cikin sautin tun daga farko. Taƙaitawa ma tana taimakawa, domin wanda zai rage littafi zuwa awa 5 zaren soyayya zai riƙe, ya rage na gefe, kuma a gefen ne Heyer ta zuba yawancin barkwancin Pelham da abokinsa Sir Roland Pommeroy, da hidimar kuɗi da bashi da ke tuna wa mutum dalilin auren.

Heyer ta koma kan wannan jigo a 1961 da A Civil Contract, kuma shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a gwada hujjar nan da shi. Adam Deveril hafsa ne da ya yi yaƙi a rundunar Wellington a Sifen. Mahaifinsa ya mutu ya bar masa sarauta da gidan gado, Fontley, da bashin da ya fi ƙarfinsa. Ya haƙura da Julia Oversley da yake so, ya auri Jenny Chawleigh, 'yar wani attajirin ɗan kasuwa marar asali, mace marar kyan da za a yi magana a kai, wadda ta daɗe tana son sa a ɓoye. A 1815, lokacin da tsoron sakamakon yaƙin Waterloo ya karya farashin takardun bashin gwamnati, surukinsa ya ce ya sayar, shi kuwa ya saya, ya sami abin da ya 'yantar da shi daga dogaro da kuɗin surukin. A ƙarshe ya gane cewa zamansa da Jenny ya fi masa, amma Heyer ba ta ba shi irin zafin son da ya yi wa Julia ba, Jenny ma ta san haka, ta karɓa.

Tun fitowarsa wannan littafi yake raba kan masoyan Heyer: wasu na ganin shi ne mafi zurfin abin da ta rubuta, wasu na rufe shi da baƙin ciki saboda Jenny. Sauraro bai ɗinke wannan ɓaraka ba, kuma dalilin a bayyane yake. A nan Heyer ta buɗe zuciyar mijin. Makaranci yana ganin ƙyamar da Adam ke ji game da kyautar surukinsa, yana ganin yadda yake kwatanta matarsa da wadda ya rasa. Babu gurbin da murya za ta cike da taushi, domin marubuciya ta riga ta cike shi da bayani. Mai karantawa na iya sa Jenny ta fito da nutsuwa ko da rauni, amma ba zai iya sa Adam ya so ta fiye da yadda aka rubuta ba. Idan aka jera littattafan biyu, sai a ga ikon murya yana ƙaruwa daidai gwargwadon shirun da marubuci ya bari. Ni kam ina ganin A Civil Contract ya fi gaskiya game da irin wannan aure, kamar yadda Jane Austen ta yi gaskiya a littafinta na 1813 da ta aurar da Charlotte Lucas, mai shekara 27, ga Mista Collins don ta sami gidan kanta, ba ta kuma yi mata alkawarin komai bayan haka ba.

Nazarin littafin sauraro sabon fage ne, ko da yake abin da kansa ya tsufa. An fara naɗar littattafai a faifai don makafi a Amurka a 1934, a Birtaniya kuma a 1935, musamman saboda sojojin da suka rasa idanu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma sai a 2016 Matthew Rubery ya fitar da cikakken tarihin abin. Har yanzu akan rubuta sunan mai karantawa a ƙasan na marubuci da ƙananan haruffa, masu nazari kuma sukan yi maganar "littafin" kamar takarda da faifai abu ɗaya ne.

Wannan batu na muryar mai karantawa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Gidajen rediyo sun daɗe suna karanta littattafan soyayya na Kano ga masu sauraro, yanzu kuma ana sauraron su a waya ta YouTube, kuma auren haɗi da auren dole suna cikin jigogin da aka fi juyawa tun zamanin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Yawancin nazarin da aka yi wa wannan adabi a jami'o'inmu rubutun ya bi. Matar da ta saurari labarin yarinyar da aka aurar ga wanda ba ta so, ta ce mijin ya ba ta tausayi ko ya ba ta haushi, ta ji shi ne da muryar wani ko wata da ya zaɓi yadda zai furta kowace "to" da mijin ya ce. Ɗalibin da zai tattara ra'ayin irin waɗannan masu sauraro yana buƙatar ya rubuta, kusa da sunan littafi da na marubuciya, sunan wanda ya karanta, da tashar da aka ji shi, da ko an karanta shi duka ko an tsallake wasu babuka.