Annobar Barasar Jin a Landan ta Ƙarni na 18

Bayan da Sarki William na Uku ya hau gadon sarautar Ingila a shekarar 1689, gwamnati ta hana shigo da barasar Faransa, ta kuma sakar wa jama'a mara su tace tasu daga hatsin gida, lamarin da ya sa jin, wato barasa mai kaifi da ake sa wa ƙamshin 'ya'yan itacen junifa, ta yi arha har ta zama abin shan talakawan Landan safe da yamma. A 1726 Kwalejin Likitoci ta kai kuka majalisa cewa mashaya na lalacewa, 'ya'yansu kuma raunana ake haifar su. Dokar 1736, wadda ta ɗora fam 50 a kan lasisin sayarwa, ba ta yi tasiri ba domin cinikin ya koma bayan fage, sai dokar 1751 da tsadar hatsi suka rage shan.

Illar da ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana kuwa, likitoci masu feɗe gawa ne suka gan ta ƙuru-ƙuru. A 1793 Matthew Baillie ya siffanta hantar da ta taurare ta cika da ƙullutu, ya lura cewa an fi samun ta a jikin mashaya. Irin wannan hanta takan tare hanyar jini, ruwa ya taru har ciki ya kumbura, idanu su yi rawaya. A 1804 likita Thomas Trotter ya kafa hujja cewa jarabar sha cuta ce mai buƙatar magani.