Sunan Mai Kaya da Sunan Maƙeri: Tsofaffin Idanun Kyamara da Tarihin Hoto a Garwa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta shafi wani ɗan ƙaramin abu da masu nazarin tarihin hoto kan yi tuntuɓe da shi, wato rubutun da ke kewaye da bakin idon kyamara. Abin da ake nufi da idon kyamara a nan shi ne bututun nan mai jerin gilasai wanda haske ke ratsawa ya sauka a kan fim. Ɗalibin da ya samu tsohuwar kyamara a shagon mai hoto a Garwa ko Marwa zai fara da karanta sunan da ke jikin idon, sannan ya rubuta cewa kamfanin ne ya ƙera shi. Sau da yawa ba haka abin yake ba.

2.0 Yadda Kyamara ta Zauna a Garwa

Garwa gari ne na bakin kogin Binuwai, inda a da jiragen ruwan 'yan kasuwa ke isowa da damina idan ruwa ya cika. Jamusawa sun ci garin a 1901, sojojin Ingila da na Faransa suka ƙwace shi a 1915. A wancan zamani kyamara tana hannun Turawa ne. Abin da ya mayar da ɗaukar hoto sana'ar 'yan ƙasa a Kamaru shi ne katin shaida, domin dole kowane baligi ya manna hotonsa a jiki, musamman a zamanin Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, wanda ya yi mulki daga 1960 zuwa 1982. Sai dai ba a ƙera idon kyamara a Kamaru. Duk wanda ya shiga hannun mai hoto, daga ƙetare ya zo.

3.0 Wa Ya Ƙera?

A shekarun 1960 zuwa 1980 akwai kamfanoni da yawa da ba su da masana'antar gilashi, sai suna da kasuwa. Vivitar na Amurka shi ne babban misali. Wasu Jamusawa biyu 'yan gudun hijira, Max Ponder da John Best, su suka kafa kamfanin a 1938, kuma aikinsa shi ne ya ba masana'antun Japan kwangila, su ƙera, a buga sunansa. Haka Soligor, da Hanimex na Ostireliya, da Revuenon na kantin Quelle a Jamus. Kamfanin Tomioka, wanda Yashica ya saye a 1968, ya ƙera idanu da dama da suka fita kasuwa da sunayen wasu.

Masu tara tsofaffin kyamarori sun gano cewa a kayan Vivitar na shekarun 1970 da 1980, lambobi biyu na farko a jerin lambar da ke jikin idon su ne ke tona asirin maƙeri: 22 na Kino ne, 28 na Komine, 37 na Tokina, 09 kuma na Cosina. Shahararren idon nan Series 1 mai 70 zuwa 210 ya isa darasi. Na farkonsa Kino ne ya ƙera, na biyu Tokina, na uku Komine, daga baya aikin ya koma Cosina, alhali sunan bai canza ba. Ke nan yabon da wata mujalla ta yi wa na Kino bai hau kan na Cosina ba, kuma mai hoton da ya sayi na baya saboda labarin na farko ya sayi suna ne kawai.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Jar fatar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ratsa Sahara da ita, a Turai "fatar Maroko" aka kira ta, don ta can ta isa hannunsu. Majemin Kano bai samu ko ambato ba. Abin da ya samu Komine ke nan.

Akwai kuma inda maƙerin ne ya rasa sunansa. Bayan 1945 kamfanin Zeiss ya rabu biyu, ɗaya a Jena ta Jamus ta Gabas, ɗaya a Oberkochen ta Yamma, suka daɗe suna shari'a a kan suna. Saboda haka idanun da Jena ta aika wasu ƙasashen Yamma sai aka rubuta musu "aus Jena", wato daga Jena, babu Zeiss. Shi kuwa Helios-44 na Tarayyar Sobiyat, wanda ke zuwa da kyamarar Zenit, an kwaikwayo shi ne daga Biotar na Zeiss, kuma masana'antu fiye da ɗaya suka ƙera shi, sai ta ɗan tambarin da ke jiki ake rarrabe su.

4.0 Abin da ya Rage a Shaguna

Zuwan hoto mai launi, da kuma sabon katin shaida na kwamfuta a 1998, sun karya kasuwar masu hoton baƙi da fari. A 2005 gidan adana hotuna na National Portrait Gallery a Landan ya baje aikin Joseph Chila da Samuel Finlak, masu hoto daga yankin Adamawa, abin da ya nuna cewa fim ɗin nan da ke ƙura a akwati yana da daraja. Kayan aikin ma haka suke, amma su ne ake fara zubarwa. Mai binciken da ya tarar da kyamara a hannun magada a Garwa ya kamata ya kwafe rubutun bakin idon gaba ɗaya, harafi da lamba, ya duba ƙasar da aka buga a gindinsa, sannan ya tambayi masu gida daga hannun wa marigayin ya saye ta, sabuwa ko ta hannu.