Selulos na Itace a Cikin Abincin Masana'anta

Selulos sinadari ne da ke gina jikin tsirrai, wanda Bafaranshe Anselme Payen ya gano a 1838. Masana'antu na tace shi daga markaɗaɗɗen itace, su zuba a gurzajjen cuku don kada ya dunƙule, ko a askirim don ya yi kauri. A Tarayyar Turai lambarsa a jerin sinadaran da ake ƙara wa abinci ita ce E460.

Masu ƙyamarsa na cewa garin katako ake ciyar da jama'a. Amma selulos ɗin ne dai ke cikin kabeji da dusar hatsi, kuma hanjin ɗan Adam ba ya narkar da shi, wucewa yake yi. Abin tsoron shi ne algus: yana da arha, in aka yawaita shi sai mai saye ya biya kuɗin cuku, alhali an tauye masa abin gina jiki.