Karatun Jami'a a Ƙasashen Waje: Ɗaliban Nijar da Yankin Gaya

Karatun jami'a a ƙasashen waje shi ne ɗalibi ya ƙetare iyakar ƙasarsa ya shiga jami'a ko wata babbar makaranta ta wata ƙasa, don ya sami digiri ko ya yi wani zango na karatunsa a can. Hukumar UNESCO tana sa ɗalibi cikin wannan rukuni ne idan karatun ne ya fitar da shi daga gida. A ƙididdigarta, yawan irin waɗannan ɗalibai a duniya ya tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa fiye da miliyan 6 bayan shekara ashirin.

A Jamhuriyar Nijar fita waje neman digiri ta girmi jami'o'in ƙasar. A gundumar Gaya ta jihar Dosso kuwa, wadda ƙaramar hukumar Bengou take cikinta, lamarin yana da fuska ta daban: wasu jami'o'in ƙasashen waje sun fi Yamai kusa. Abin da ke raba ɗalibin yankin da su shi ne takardu, harshen koyarwa, kuɗi, da buɗewar iyaka ko rufewarta.

Yankin Gaya da maƙwabtansa

Gaya tana bakin Kogin Kwara, kimanin kilomita 300 kudu maso gabas da Yamai. Gada ce kawai ta raba ta da Malanville ta Jamhuriyar Benin, ta gabas kuma akwai Kamba ta jihar Kebbi a Najeriya. Bengou tana ɓangaren da ke daf da iyakar Najeriya, a yankin kwarin Fogha da aka sani da dafa gishiri. Mutanen wannan kusurwa, Dandawa da Kyangawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani, suna da dangi da surukai da abokan ciniki a ƙasashen uku. Ana jin Dandanci daga Gaya har Kandi da Parakou, Hausa kuma tana cikin manyan harsunan kasuwa a yankin.

Birnin Kebbi, inda aka kafa jami'ar tarayya a 2013, ta fi Yamai kusa da Gaya. Aliero tana da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tun 2006, Sakkwato kuma tana da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tun 1975. Ta kudu, nisan Parakou daga Gaya bai wuce nisan Yamai da wani abin kirki ba, kuma jami'arta, da aka buɗe a 2001, tana da tsangayar likitanci da ta aikin gona. Ɗalibin da ya je ɗaya daga cikinsu yana iya sauka gidan kawunsa, ya ci irin tuwon da ya saba, amma a ofishin rajista baƙo ne, da fom ɗinsa daban.

Tarihi

Tafiya neman ilimi tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, har ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Almajirai sun daɗe suna tafiya gabas, wato Borno, don haddar Alƙur'ani, manyan ɗalibai kuma suna bin malamai gari gari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya je Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Wasu kan zarce Masar da Makka ta hanyar aikin hajji. A wancan zamani shaidar karatu ita ce ijaza daga malami, kuma ba a tambayar mutum takardar ƙasa.

Mulkin mallaka ya shata iyakoki, ya kuma kawo wata sabuwar hanya. Faransa ba ta gina babbar makaranta a Nijar ba, saboda haka ƴan kaɗan da suka yi zarra a lakwal, wato makarantar boko, akan tura su makarantar horar da malamai ta William Ponty a Senegal. Can Boubou Hama ya yi karatu, ya zama malamin boko na farko ɗan Nijar a 1929. Ƴan siyasa Diori Hamani da Djibo Bakary ma can suka fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙofar Faransa ta buɗe kaɗan, aka kuma kafa Jami'ar Dakar a 1957. A farkon shekarun 1960 jam'iyyar Sawaba, wadda aka haramta a 1959, ta tura matasa karatu Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai.

Rayuwar Abdou Moumouni Dioffo (1929 zuwa 1991) ta nuna wannan zango ƙarara. An haife shi a Tasawa, ya bi ta William Ponty da Dakar, ya karanta kimiyyar fiziks a birnin Paris, ya yi bincike a Tarayyar Sobiyet, sannan ya dawo gida ya jagoranci hukumar binciken makamashin hasken rana, ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979. Ita jami'ar ta fara ne a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunansa a 1992. Ko bayan kafa ta, fita waje ba ta tsaya ba, domin fannoni da yawa ba a koyar da su a gida. Cikin waɗanda suka shugabanci ƙasar daga baya, Mahamadou Issoufou ya yi karatun injiniyan ma'adinai a Saint-Étienne ta Faransa, Mohamed Bazoum kuma ya karanta falsafa a Dakar.

An ƙara jami'o'in gwamnati a Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, sai Agadas da Diffa da Dosso da Tillaberi a 2014. Wannan ya rage tilas ɗin fita don digiri na farko, amma yawan masu cin jarrabawar kammala sakandare ta BAC ya ci gaba da ƙaruwa, cunkoso da yajin aiki kuma sukan ja shekarar karatu ta wuce lokacinta.

Inda ake zuwa

Hanyoyin ɗaliban Nijar sun kasu uku, gwargwadon harshen koyarwa da kuma ƙarfin aljihun iyaye. Ta farko ita ce ta Faransanci: Senegal, Benin, Togo, Burkina Faso, Kwaddibuwa, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Faransa da Kanada. Maroko da Aljeriya sun daɗe suna ba Nijar guraben karatu da tallafi ta hanyar yarjejeniyar gwamnati da gwamnati. Ta biyu ita ce ta Larabci, wadda ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci da na zaure suke bi zuwa Azhar a Alƙahira, Jami'ar Musulunci ta Madina da aka kafa a 1961, da kuma, kafin yaƙin Sudan na 2023, Jami'ar Afirka ta Duniya a Khartum. Ta uku ita ce ta Ingilishi, wadda Najeriya da Ghana suke kan gabanta. Turkiyya da Sin da Indiya da Rasha sun shigo da ƙarfi daga baya. A Turkiyya da Sin da Rasha sau da yawa sai ɗalibi ya ba da shekara guda ga koyon harshe kafin ya shiga darasi.

Takardu da kuɗi

Tushen komai shi ne shaidar BAC da takardun maki. Sai fasfo, takardar haihuwa, katin rigakafin shawara, takardar karɓa daga jami'a, da biza ko izinin zama inda ake buƙata. Mai nufin Najeriya yana buƙatar a fassara takardunsa zuwa Ingilishi a kuma tantance su, kuma shiga digiri na farko a can yana bi ta hukumar JAMB. Mai nufin Faransa yana bi ta hukumar Campus France.

Hukumar ANAB ce ke kula da tallafin karatu na gwamnatin Nijar, ga na gida da na waje. Jinkirin biyan wannan tallafi yana cikin abubuwan da ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ta fi yin ƙorafi a kai, kuma ya fi yi wa na waje ciwo, domin mai gidan haya a baƙuwar ƙasa ba ya jira. Waɗanda ba su sami tallafi ba iyaye da dangi ne ke ɗaukar nauyinsu. A karkara irin ta Bengou wannan yana nufin kuɗin amfanin gona, ko dabba da aka kai kasuwa, ko taimakon ɗan'uwa mai fatauci.

A 2005 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, ta zartar da ƙa'idar cewa jami'o'in gwamnati na ƙasashenta su daidaita ɗaliban sauran ƙasashen ƙungiyar da ƴan ƙasa wajen sharuɗɗan shiga da kuɗin rajista. Nijar da Benin duk suna cikinta, kuɗinsu ma ɗaya ne, wato sefa, saboda haka ɗalibin Gaya a Parakou ba ya da damuwar canji. A Najeriya lissafin yana bin farashin naira. Faɗuwar darajarta tun daga Yunin 2023 ta sauƙaƙa zama a Sakkwato ko Zariya ga mai riƙe da sefa, ta kuma tsananta wa ƴan Najeriya masu karatu a Nijar da Benin. Faransa kuwa ta ƙara kuɗin rajista ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba a 2019, zuwa yuro 2,770 a shekara ga digiri na farko da yuro 3,770 ga na biyu, ko da yake jami'o'i da dama sun riƙa yafe wa ɗalibai ƙarin.

Amincewa da shaidar karatu

Digiri ba ya amfani sai ƙasar da za a yi aiki da shi ta yarda da shi. A ƙasashe masu amfani da Faransanci, majalisar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai hedikwata a Wagadugu, ita ke duba daidaiton digirori, tsarin LMD kuma ya sa matakan karatu sun zama iri ɗaya: shekara uku ga digiri na farko, biyu ga na biyu, uku ga na uku. Digirin farko na Najeriya shekara huɗu ne ko fiye, don haka wanda ya dawo da shi sai ya nemi takardar daidaitawa daga hukumomin ilimi mai zurfi na Nijar kafin ya shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. A matakin nahiya akwai Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 kan amincewa da shaidar karatu, wadda ta fara aiki a 2019.

Muhimmancin wannan ya fito fili a ƙarshen 2023, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken ɗan jaridarta Umar Audu, wanda ya sami digiri daga wata makaranta mai zaman kanta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. A Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Matakin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu bisa ƙa'ida, ya kuma tunatar da iyaye a duk yankin cewa kafin a biya ko sisi, a bincika ko makarantar tana da izinin ƙasarta da amincewar ƙasar ɗalibi.

Siyasa da iyakoki

Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, kuma a kanta zirga-zirgar ɗaliban yankin ta dogara shekaru da yawa. Duk da haka an sha rufe hanya. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe gadar Gaya da Malanville da iyakar Najeriya, aka kuma taƙaita hada-hadar kuɗi. Matafiya, har da ɗalibai, suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren gadar saboda saɓaninta da Benin. Nijar ta fice daga CEDEAO a 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za ta ci gaba da mutunta zirga-zirgar ƴan ƙasar kafin a cimma sabon tsari.

A cikin wannan rikici Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai a 2023, ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024, abin da ya tsayar da ɗaliban da suka riga suka sami gurbi. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ma ya kori ɗaliban Afirka ta Yamma daga Khartum a tsakiyar karatu, wasunsu ba tare da takardun makinsu ba.

Nijar a matsayin mai masauki

Nijar ma tana karɓar baƙin ɗalibai. Jami'ar Musulunci ta Say, wadda Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta amince da kafawa a taron Lahore na 1974 aka kuma buɗe a 1986, tana ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a Yamai a 1974, tana horar da masana yanayi da ruwa da noma na ƙasashen Sahel, makarantar EAMAC kuma tana horar da ma'aikatan sufurin jiragen sama na ƙasashen Afirka da dama. A Maraɗi, jami'ar MAAUN mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2013, ta jawo ɗalibai masu yawa daga arewacin Najeriya.

Komawa gida

Wasu daga cikin waɗanda suka fita sukan zauna can, musamman likitoci da injiniyoyi da masu digiri na uku, saboda albashi da kayan bincike. Waɗanda suka yi karatu a ƙasashe maƙwabta sun fi saurin dawowa, domin ba su yanke da gida ba. Ga ɗan yankin Gaya da ya dawo da Ingilishi a kan Faransancinsa da Hausarsa da Dandancinsa, akwai aiki a harkar fiton kaya, koyarwa, tafinta, kiwon lafiya da ƙungiyoyin agaji, domin mafi yawan hulɗar yankin tsakanin ƙasashe uku take gudana. Samun wannan aiki ya rataya ne a kan abubuwa biyu da ake iya tabbatarwa tun kafin tafiya: makarantar ta kasance wadda hukumomin Nijar suka amince da ita, fannin kuma ya kasance wanda ake buƙata a gida.