Akwatin Sola: Ƙungiyar da Aka Haifa a Ɗakin Haihuwa na Zariya

Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda ƙaramin asibiti da daddare, a Tsafe ne ko Bunguɗu ko bayan garin Gusau, ya san yadda abin yake: an ɗauke wuta, janareta ba mai, ungozoma ta cije wayar hannu tana haska aikinta. Irin wannan daren ne ya haifi ƙungiyar We Care Solar, kuma ba a nesa ba. A Zariya ne, wadda yau kamfanin wuta ɗaya, na Kaduna, ke ba ta lantarki tare da Zamfara.

A 2008 wata likitar mata ’yar Amurka, Dokta Laura Stachel, ta zo asibitin gwamnati na Ƙofar Gayan domin binciken abin da ke kashe mata wurin haihuwa. Ta iske ƙwararrun ma’aikata, amma wutar ba ta wuce awa 12 a rana. Mai jijjiga ko mai zubar jini takan iso cikin dare a rasa hasken da za a duba ta. Tiyata kuwa ko a jira gari ya waye, ko a ƙarasa da tocila. Sai ta rubuta wa mijinta Hal Aronson, malamin koyar da aikin sola a Berkeley ta jihar Kaliforniya. Ya zana tsarin da zai haska ɗakin haihuwa, ɗakin masu jego, ɗakin tiyata da ɗakin gwaji, har da firijin ajiye jini da oba-oba ta kiran likita. Da tallafin da suka samu daga jami’ar Berkeley aka kafa shi a 2009.

Kafin babban aikin ya kankama, Hal ya haɗa mata ɗan samfuri, ƙaramin faranti da batir da fitilu, wanda zai shiga akwatin tafiya, don kawai ma’aikata su ga yadda abin zai kasance. Ta zo da shi Zariya, da ta tashi komawa gida sai suka roƙi ta bar musu shi. Daga nan ƙananan asibitocin kewaye suka fara aiko da saƙo, su ma a kawo musu. A ganina waɗannan ma’aikatan na Zariya suna da kaso a kafuwar ƙungiyar, domin su ne suka gane cewa ɗan samfurin shi ne maganin, tun masu shi ba su ankara ba. Ƙungiyar ta ce mutuwar mata a asibitin ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari bayan an sa sola, kodayake firijin jinin ma ya cancanci rabonsa na yabo.

A farkon tafiya, a bayan gidan ma’auratan ake haɗa akwatunan, maƙwabta da ɗalibai suna aikin sa-kai. Girgizar ƙasar Haiti ta 2010 ta sa buƙata ta ƙaru, gidauniyoyi irin su MacArthur suka shigo, aikin ya koma masana’anta. A 2013 CNN ta sa Stachel cikin gwarzayenta goma na shekara, a 2015 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ƙungiyar dala miliyan ɗaya.

Akwatin rawaya ne, ana kafe shi a bango, farantin yana kan rufi. A ciki akwai fitilun aiki, fitilar goshi, na’urar sauraron bugun zuciyar ɗan tayi da wurin cajin waya. Ba ya jan injin hoto ko firij babba, kuma da gangan ne: abin da ba shi da kayan ciki da yawa bai cika lalacewa ba.

Shirinsu na haska kowace haihuwa, wanda aka fara a Laberiya a 2017 kafin ya kai Yuganda, Zimbabuwe da Saliyo, ya sauya salo. Sai ma’aikatar lafiya ta sa hannu, a horar da masu kafawa ’yan ƙasa, a kuma koya wa ungozoma duba cajin batir da kanta. Wannan ɓangaren ne ya fi shafar ƙungiyoyin ci gaban gari da kwamitocin asibitoci a Zamfara masu neman mai ba su sola. Mai bayarwa yakan biya kuɗin faranti ya tafi, amma goge ƙurar hunturu daga kansa, da tara kuɗin sabon batir bayan ’yan shekaru, na mutanen gari ne.